Baƙin Yashin Badaguishiri

Zangona na farko Kasablanka ne, kuma kwana biyu na yi a filin jirgin ba da son raina ba. Wani ma'aikaci ne ya karɓi fasfona ya shiga da shi buro, wato ofishinsu, ya manta da ni a kan benci har jirgin da zai ƙarasa da ni Faransa ya tashi. Da ya fito, ko a jikinsa, ya ce gobe ma akwai wani. Goben babu wuri. Ban san kowa ba, Larabcin da na iya kuma na makarantar allo ne, ba ya sayen burodi. Wata tsohuwa mai goge daɓe ce ta lura da ni. Ta kawo mini shayi a kofin roba, ta nuna mini inda mata ke salla, ta dafa kaina ta wuce. Har yau ban san sunanta ba.

A kan wannan bencin na fara kwance ƙullin da Inna ta ba ni. Ƙasa ce a cikin ƙyallen tsohon zanenta, ta ɗebo ta a bakin ƙoramar da ke bayan lambunmu a Badaguishiri. Al'adar gidanmu ke nan: wanda zai yi nisa a ƙulla masa ƙasar gida, duk inda ya sauka ya barbaɗa kaɗan a ruwan farko da zai sha, don kada ruwan baƙon wuri ya ƙi shi, kuma don ƙasar ta jawo shi gida. Ni da na yi shekaru ina karatun fizik, dariya abin ya ba ni tun farko. Amma ranar na barbaɗa a shayin tsohuwar na shanye, har da yashin da ya kwanta a gindin kofin.

Sunana Sa'a. Shekara guda ta gwaji aka ba ni a wani ɗakin bincike, wanda kowa ke kira labo. Sharaɗin a fili yake: in na yi aikin da ya fito da sunana a kai, Farfesan da ke shugabantar wurin zai riƙe ni in yi digirin dakta. In babu sunana a kan komai, in tattara in koma gida.

Zango na biyu wani gari ne a tsakanin duwatsu, inda rana ke faɗawa bayan dutse tun la'asar ba ta yi ba. A tashar jirgin ƙasa Yaya Rabi ta tarbe ni. Ƴar Illela ce, kakarta da kakata ɗaki ɗaya suka fito. Shekararta uku a wannan labo, tana shekarar ƙarshe ta digirinta. Tun kafin in iso Baba ya danƙa ni a hannunta ta waya, ina ji.

"Rabi, ga amana nan. Can ke ta uwatta, ke ta ubanta." Ni kuma ya ce mini, "Abin da yayarki tac ce maki, shi za ki yi."

Ba mu bar tashar ba sai da ta tambayi kilishin da aka aiko mata. A cikin bas ta karanta mini dokoki.

"Nan ba gida na ba, Sa'a. Turawan ga ba su son yawan magana. Kome kika so wurin Farfesa, ni za ki hwaɗa ma, ni in kai mashi. Kuma ki ba ni lambar sirrin kwamhwutarki, kak ki ɓata masu wani abu ki jawo mani kunya."

Na ba ta. Me zai hana? A gida ko akwatin kayana yayata na iya buɗewa.

Ɗakinta guda ne da ɗan madafi, ni a ƙasa nake shimfiɗa. Ni ke girki, ni ke wanki, ni ke yi mata kitso ranar Lahadi. Ban ji zafin wannan ba, aikin ƙanwa ne. Abin da ya ci ni kewa ce. Wata rana na tsaya a kanti ina shinshina albasa, manya-manya farare, ko ƙamshi babu. Na tuna lambun Baba lokacin dashe, hannuna cikin laka, sai ga ni ina hawaye a gaban kwandon albasa, mai kantin yana kallona kamar wadda ta zautu.

Aikin da aka ba ni shi ne haɗa ma'aunin Hall. Ɗan abu ne da ido ba ya gani, sai a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Siffarsa ta mararraba ce mai hanya huɗu, faɗinta bai kai kaurin silin gashi ba, nesa ba kusa ba. Ana tura wutar lantarki daga hanyar gabas zuwa ta yamma. In akwai maganaɗisu a kusa, wato mayen ƙarfe, sai ya ture wutar gefe guda, kamar yadda iska ke tura ruwan kwata ya fi kwantawa a gaɓa ɗaya. Sai a auna bambancin da ke tsakanin hanyar arewa da ta kudu. Wannan bambancin shi ke faɗin ƙarfin maganaɗisun da ke daidai wurin. Da yake ma'aunin ƙanƙane ne, ana iya jan sa layi-layi a bisa abu, kwamfuta ta zana hoto: ja a inda maganaɗisun ke fitowa, shuɗi a inda yake shiga.

Wahalar tana wurin ɗaura masa zare. Kowace hanya sai an manna mata zaren zinariya wanda numfashi kaɗai ke iya ɗauke shi. In hannu ya yi rawa, ma'aunin ya fashe. In ɗan tartsatsin da jiki ke tarawa ya taɓa shi, ya ƙone. Ana yin aikin ne a ɗakin tsabta, inda ake rufe mutum tun daga gashi har tafin ƙafa, ba hoda, ba kwalli, ba takardar waje. Babban laifi a ɗakin shi ne shigo da ƙurar ƙarfe, domin ƙwaya ɗaya tana iya ɓata aikin mutum goma.

Mai kula da ɗakin Madam Tereza ce, dattijuwa gajera mai faɗa, iyayenta ma baƙi ne a ƙasar. Kowa tsoronta yake ji. Tana da littafi a gefen injin manna zare, duk wanda ya zauna sai ya rubuta sunansa da lambar abin da ya haɗa, ko Farfesa ne. Ranar da ta ga na haɗa shida a jere babu wanda ya mutu, ta kama hannuna ta juya shi.

"Ina kika samo wannan hannun?"

Na ce dashen albasa. Wanda ya saba riƙe irin da bai kai tsinken tsintsiya ba, ya dasa shi bai karye ba, zaren zinariya ba zai ba shi tsoro ba. Ta yi dariya, karon farko da na ga haƙorinta. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini lemo ɗaya a aljihun rigata ta sanyi, ba ta taɓa cewa ita ce ba.

Cikin wata uku na gano wata dabarar jera zaren da ta rage hayaniyar da ke rufe ƙananan awo. Ma'aunaina suka riƙa jin abin da na da ba sa ji. A taron mako, Farfesa ya ɗaga takardar sakamakon ya ce, "Wa ya yi wannan?"

A nan na yi kuskuren da ya ci ni. A gidanmu ba a ce wa babba "ni na yi" alhali yayarka na zaune. Ba a kuma kallon malami cikin ido. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya Rabi ce ta koya mini komai." A Badaguishiri duk wanda ya ji haka ya san ladabi ne, ya san wa ya yi aikin. Turawa kuwa yadda ka faɗa haka suke rubutawa. Farfesa ya juya ya yaba wa Rabi. Na saci kallonta ina jiran ta ce a'a, aikin ƙanwata ne, yadda kowace yaya za ta yi. Ta yi murmushi ta ce ta gode.

Na haɗiye. Na ce wa raina ta manta ne.

Ita Rabi aikinta daban ne. Wani ɓawo siriri take toyawa a kan ƴan faranti masu girman farce, tana fatan ya nuna maganaɗisu ba sai an sanyaya shi ba. Shekara uku tana toyawa, ko alama babu. Ni kuma ina buƙatar wani abu mai maganaɗisu na gaske, ƙanƙane, in gwada sabon ma'aunina a kai. Makullin kabad ɗin kayan gwaji yana hannunta. Sau huɗu na roƙa.

"Gaggawar mi kika yi? Ki dai ci gaba da ɗaurin zarenki. Awo ba aikin yara na ba."

Sai na tuna ƙullin Inna. Muna yara mukan ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifikar mataccen rediyo, mu ja shi a cikin yashin ƙorama, ya fito da baƙin gemu. Wannan baƙin yashin yana cikin ƙullina. Na tsinci ƙwaya ɗaya, na murƙushe ta tsakanin gilashi biyu har ta zama gari. Ina buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi da zan ɗora garin, sai na ɗauki farantin Rabi ɗaya daga akwatin waɗanda ta zubar. A ɗakin tsabta na yi wannan, da hannuna, ina sane da dokar. Laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Hoton da ya fito, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ɗige-ɗige ja da shuɗi, kowanne da iyakarsa tsaf, kowace ƴar ƙwaya da arewarta da kudunta. Ƙasar bayan lambunmu ce ke magana a kan allon kwamfuta. Injin ba ya adana hoto sai an ba shi lambar faranti, na ba shi lambar da ke jikin na Rabi. A littafin aikina ban rubuta komai ba, don tsoron Madam Tereza. Farantin na tura shi can ƙarshen aljihun teburina.

Bayan kwana biyu Rabi ta shigo ɗaki tana waƙa. Ta sayo kaza. Ta ce Allah ya amshi addu'arta, ɓawonta ya nuna maganaɗisu. Na gane ta shiga kwamfutata, ta ga lambar farantinta a kan hoton, ta binciko farantin, ta kai wa Farfesa. Ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba.

Wallahi washegari da niyyar faɗa mata gaskiya na fita. Na shirya in durƙusa in ba ta haƙuri, mu je wurin Farfesa tare. Na bi ta wurin injin buga takardu, sai Madam Tereza ta tare ni, fuskarta a ɗaure, ta miƙo mini shafi biyu da aka manta a kai. Na farko kan maƙalar da za a aika wa mujalla ne. Sunan Rabi, sunan Farfesa, sunayen wasu mutum biyu da ko ɗakin tsabta ba sa shiga. A ciki an ce Rabi ce ta ƙirƙiro sabon ma'aunin, ita ta shirya farantin, ita ta yi awon da hannunta. Nawa sunan ko a wurin godiya babu.

Shafi na biyu rahoton Rabi ne a kaina, zuwa ga Farfesa. Na haddace shi. "Ƴar'uwata ce, ina ƙaunarta, shi ya sa faɗin wannan ke yi mini nauyi. Tana da biyayya, amma kanta bai kai ba. Duk abin da ta taɓa sai na bi na gyara. Ba na ba da shawarar a riƙe ta."

Tereza ta ce, "Littafina yana nan. Mu je wurin Farfesa yanzu."

Na ninke takardun na ce mata ta bari tukuna. Ta dube ni, ta koma aikinta.

Ba zan yi wa kaina ado ba: na tsani Rabi. Tsanar ta zauna mini a ƙirji ta yi sanyi, har ta fi ɗumama ni a kan rigar sanyi. In na je wurin Farfesa ranar, za a gyara a ɓoye, a ce kuskure ne, a ja mata kunne a cikin buro, ta fito ta ci gaba da zama Yaya. Ni ba haka nake so ba. A gaban mutane ta karɓi yabona, a gaban mutane nake so ta mayar.

Wata biyar na yi shiru. Na ci gaba da girki, na ci gaba da kitso. Rabi ta sake auna farantin sau uku, hoton bai canza ba, ina zai je, yashin na nan manne. Sauran farantanta ba su nuna komai ba, ta ce wannan ɗin wutarsa ta fi daidai. Akwai gwajin da ke faɗin sinadarin da ke cikin abu, rabin yini yake ci. Wani ɗalibi ya ba ta shawara ta yi, ta ce babu lokaci, wasu za su riga ta bugawa. Ina gefe ina wanke gilashi, na ƙara buɗe famfo don kada a ji numfashina.

A Illela kuwa an riga an fara kiranta Dakta. Uwarta, Hajiya, ta sa an fitar da anko, an ɗaure rago ana ba shi dusa. Duk Juma'a sai ta kira ta bidiyo.

"Sa'a, kina dai yi ma yayarki biyayya ko? Ki kama ƙahwatta, ki ga yadda Allah yad ɗaukaka ta."

"Ina kamawa, Hajiya," nake cewa.

Zango na uku wani babban birni ne a bakin teku, inda masu irin aikinmu suka yi taro. Rabi ce za ta yi jawabi a babban zaure, saura wata guda ta kare digirinta a gaban malamai. An tafi da ni don in riƙe jaka. Ni na goge mata kwat ɗin da ta sa, ni na ɗaura mata ɗankwali. Kafin mu fita na barbaɗa ƙasar Inna a ruwa na sha, tunda sabon gari ne.

Zauren ya cika. Hoton yashina ya fito a allo, faɗin bango guda, ja da shuɗi. Ta yi magana mai kyau, wannan ba zan hana ta ba. Aka tafa. Mai gabatarwa ya ce akwai tambaya? Mutum biyu suka yi tasu. Sai na ɗaga hannu. Ta hango ni ta yi ɗan murmushi, ta zaci yabo ne zan yi.

Na miƙe. Na karɓi abin magana. Karon farko a rayuwata na kalli wanda ya girme ni cikin ido ban sauke ba.

Na ce, "Kin ce da hannunki kika shirya farantin nan. Ina so ki gaya wa mutane mene ne waɗannan ɗigon."

Ta ce tsibiran ɓawon ne, kamar yadda ta bayyana.

Na ce, "Yashi ne. Baƙin yashin ƙoramar garinmu ne, daga Nijar. Ni na murƙushe shi, ni na ɗora a farantin da kika zubar, ni na auna da ma'aunin da na haɗa. Ragowar tana nan a jakata, duk mai so ya gwada."

Na ciro ƙullin na ɗaga. Ƙyallen zanen Inna, mai zanen ganye, duk ya koɗe. Wani a baya ya yi dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Farfesa yana layin gaba, wuyansa ya yi ja har kunne. Rabi ta nemi kofin ruwa a kan teburin, hannunta ya ture shi. Na ji daɗi. Na faɗa, na ji daɗi har cikin ƙashina.

A jirgin komawa ta same ni a tsakanin taragu.

"Ni kika yi ma haka, Sa'a? Gaban Turawa? Da bakinki kinka ce ni na koya maki."

"Kin san abin da nika nuhi sa'ad da nac ce haka, Yaya. Su ne ba su sani ba. Ke kin sani."

"In kin ga kuskure, ba sai ki hwaɗa mani ba? Ni da nir riƙe ki ɗakina?"

"Na zaka in hwaɗa maki. Sai nig ga kaina bai kai ba."

Ta gane na karanta rahoton. Ta koma kujerarta.

Gwajin da ta ce babu lokacinsa, Tereza ta yi shi kafin azahar: ƙarfe ne irin na yashi, babu ruwansa da ɓawon. Aka janye maƙalar. Aka zaunar da kwamiti. Rabi ta rasa ƙofar fita: in ta ce ita ta shirya farantin, to ita ta zuba yashi ta yi ƙarya. In ta ce ba ita ba ce, to ta sa hannu a kan aikin da ba nata ba. Ta ce ma'aunin dai nata ne. Tereza ta ajiye littafinta a kan tebur, shafi bayan shafi sunana ne. Aka ce Rabi ta zauna a injin ta haɗa ɗaya a gabansu. Ta kashe huɗu a jere, na biyar ta kasa ɗaukar zaren. Aka soke ranar kare digirinta, aka sallame ta.

Ni ma ban tsira ba. An rufe ɗakin tsabta mako guda ana wanke shi saboda ƙurata, aikin wasu da ba su ji ba su gani ba ya lalace. Tereza ce ta yi yawancin gogewar, da guiwoyinta masu ciwo. Wannan kaɗai nake jin kunyarsa. Farfesa ya kira ni buro. Ya ce za a buga maƙala a kan ma'aunin, sunana ne na farko. Sannan ya cire tabarau.

"Hannunki ya fi na kowa a nan. Da kin zo mini ranar farko, da na yafe yashin, na riƙe ki. Amma ba zan iya aiki da wadda ta san gaskiya wata biyar ta bar mu muna tafiya cikin rami ba."

Na ce na sani. Na san haka tun ranar da na ninke takardun nan. Na auna zamana a ƙasar da ganin fuskar Rabi a zauren, na zaɓa. Ya yi tsammanin zan roƙe shi, ban roƙa ba.

Makonni na ƙarshe a gidan Tereza na yi su, a ɗakin ɗiyarta da ta yi aure. Ranar tafiyata ta raka ni tasha, ta cusa mini lemo a aljihu, ta ce in daina kallon ƙasa in ana yi mini magana. Tana juyawa sai ga Rabi. Ta rame. Na ji ta sami aikin kula da tsofaffi a wani ƙauye, kuma har ranar ba ta gaya wa Hajiya komai ba, ta ce an ɗaga ranar ne.

"Sa'a, don Allah, don zumunci. Kak ki hwaɗi gida. Bari in samu wata makaranta in gyara, sannan in koma."

Ni da ita mun san babu labon da zai ɗauke ta, duk masu aikin suna zauren nan. Mun kuma san ba za ta iya sauka Illela ba Dakta ba, ga anko an ɗinka.

"Ba ni hwaɗi," na ce.

Na ciro ƙullin, saura kamar cokali guda a ciki. Na kama hannunta na sa mata, na rufe yatsunta a kai.

"Riƙe, Yaya. Ni gobe ina taka ƙasar gida. Ke za ki daɗe ba ki gane ta ba."

Yanzu ina koyar da fizik a wata makarantar sakandare a Konni. Ba mu da madubi, ba mu da zaren zinariya. Ina da mayen ƙarfen rediyo da kwanon yashi, da maƙala guda mai sunana a sama, na sa ta a leda. Wani lokaci hannuna yakan yi ƙaiƙayin aikin, in rasa inda zan sa shi. Alkawarin kuwa na riƙe, ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ke nan. Ragon ya tsufa an yanka shi da layya. Duk sa'ad da na haɗu da Hajiya a wurin biki ko a kasuwar Illela, sai ta riƙe mayafina ta ce yaushe Dakta za ta zo. Nakan ce ta kira ta ta tambaye ta, ita ta fi ni sani. Na san tana kira, duk Juma'a.

Ranar da na iso Badaguishiri, Inna ta zazzage jakata tana neman ƙyallenta.

"Ina ƙasar da nib ba ki? Kin shanye ta duka?"

"Sauran na bar ma Yaya Rabi, Inna. Ta hi ni bukata."

Inna ta ajiye jakar, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗora hannu a kaina.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Kin riƙe zumunci."

Na ce amin.